Akushin Ɗankuza

Yanzu kowace safiya, kafin in sa komai a bakina, sai an huda mini yatsa. 'Yata ce ke wannan aikin. Tana koyarwa a firamaren garinmu, gidan mijinta kuma yana bayan masallaci, don haka sai ta biyo ta nan da 'yar na'urarta a jaka, ta durƙusa ta gaishe ni kamar mutuniyar kirki, sannan ta kama hannuna ta tsira mini allura. Ɗigon jini ɗaya take ba abin, shi kuma ya tona mini asiri. Duk abin da na ci jiya da magariba, ko ban faɗa ba, lambar za ta faɗa. Na zauna da 'yan tsegumi iri-iri a duniya, ban taɓa ganin magulmaci irin wannan ɗan akwati ba. Ciwon suga ne, in ji likita, kuma ya daɗe a jikina kafin a gano shi. Watannin baya ƙaya ta soke ni a babban yatsan ƙafar hagu, ban ma ji ba sai da wurin ya zama gyambo, ya ƙi rufewa. Likitan bai ɓoye mini ba, ya ce in sugan bai sauka ba za a cire yatsan, in an yi rashin sa'a wuƙar ta hau sama. A lokacin kuwa akwai wani akushi da ba na iya tsallakewa, kuma shi ne ke hana sugan sauka. Yadda na ƙare da akushin nan shi ya sa nake yawan tuna baya.

Mu da muka tashi a ƙauyukan nan na tsakanin Tudun Wada da Doguwa, turmi ne agogonmu. Da asuba ka ji dutsen niƙa yana gurnani a ɗakin kakata, ka san lokacin tashi ya yi. Da hantsi surfe, da la'asar kuma dakan tuwon dare, mata uku a turmi ɗaya suna lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafi, gida ya amsa wa gida har ƙarshen unguwa. Dawa muke ci da gero da dauro, can wajen duwatsun Riruwai kuma acha. Tuwon ba fari ba ne, ja ne ko toka-toka, da sauran dusarsa a jiki, in ka ci da dare yana nan zaune a cikinka har ka kai kunya ta goma a gona. Miyar kuka da daddawar kalwa, ko busasshiyar kuɓewa, ko karkashi. Da damina kuwa ganye ne ke riƙe da gida: rama, tafasa, zogale, yaɗiya, a kwaɗanta da ƙuliƙuli. Zaƙi baƙo ne, yana da lokacinsa. Ɗinya in ta nuna, kanya, garin ɗorawa da muke lasa har bakinmu ya yi rawaya, rake da kaka, sai ɗan gutsuren mazarƙwaila ranar kasuwa in mahaifinka ya dawo da fara'a. Sukari kuwa 'yan ƙwayoyi ne a ƙasan akwatin maigida, na babban baƙo ne ko mara lafiya. Kuma duk abin da ya shiga cikin nan sai an nemo shi da jiki. Da ƙafa ake zuwa gona, da garma ake huɗa, a yi noman farko a yi maimai a sunkuye, ranar kasuwar Dangora ka ɗora kaya a ka ka taka har can. Kakata takan ce tuwo da gumi ba sa zama ɗaki ɗaya, in ɗaya ya shiga dole ɗaya ya fita. Ba ina cewa aljanna muke ciki ba. Yunwa ta kashe mutane, ƙyanda ta kwashi yara, kurkunu ya kwantar da ƙarti a tsakiyar damina. Amma wannan ciwon da ke cin mutum daga yatsa, ni dai ban san shi ba sai da na tsufa.

Da takin zamani ya zo, masara ta biyo shi, muka yi murna kamar an yi mana haihuwa. Ina cikin na farko da suka tuge dawa suka zuba masara, ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Sai inji ya zo ya kashe turmi, ya surfe masarar tas, ya ba mu gari fari fat, dusar kuma a zuba wa tumaki. Tumakin suka yi ƙiba, mu muka yi tumbi. Shinkafa da a da sai da Salla ta zama ta kullum. Teburin mai shayi ya kafu a kowace kwana, kofi guda sukari kamar za a yi alewa, ga burodi. Suna ko ɗaurin aure in ba a raba lemon kwalba ba, sai a ce mai gidan ya tsiyace. Babur ya ɗauke tafiya, maganin feshi ya ɗauke noma. Muka kori gumin, muka bar tuwon, muka ma ƙara masa girma.

Amma ba tuwon da ne na fi kewa ba, yadda ake cinsa ne. A unguwarmu magidanci ba ya cin tuwon dare a ɗaki, wanda ya yi haka ko marowaci ne ko mara lafiya. Ana idar da magariba za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffana, ƙanen mahaifina, kowane gida ya fito da akushinsa a rufe da faifai. Ciyayya ke nan. Akushi takwas, tara, a jera a tsakiya, ba mai cin nasa shi kaɗai. A jawo ɗaya a buɗe, kowa ya sa hannu, a share shi, a ture gefe, a jawo na gaba. Har yau ina jin ƙarar buta tana zagayawa, da bismillar tsofaffi ƙasa-ƙasa, da yadda ake karce gindin akushi da yatsa, da gyatsar da ke biye da hamdala. Matan suna ciki suna jira, wadda akushinta ya dawo a suɗe ta kwana da farin ciki. Na daɗe ina ɗauka don daɗin hira kawai ake yin wannan zama.

Shekarar da na yi aure ita ce shekarar da mahaifina ya rasu, sai ga ni a gurbinsa a kan tabarmar manya, gemuna ko cika bai yi ba. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna suka yi ƙasa tun kafin marka. Gidanmu da ɗan dama-dama. Ran nan amaryata ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka, har da ɗan man shanu da ta samu wurin wata Bafillatana, ƙamshin yana fitowa ta gefen faifai. Ina zaune ina kumbura, ina jiran a buɗe a yaba. Baffa kuwa kullum akwai akushin da yake fara jawowa, na wani dattijo da muke kira Baba Masaƙi, ban taɓa tambayar dalili ba. Da aka buɗe sai ga dafaffiyar tafasa an cuɗa da dusa, ba ƙuliƙuli, gishirin ma sai wanda ya yi sa'a. Dattawa suka sa hannu. Ni kuwa na ɗora nawa a gwiwa.

Baffa ya ce, "Bismilla mana."

Na ce, "Ku ci, Baffa, ina jiran na gaba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Baba Masaƙi bai ɗago kai ba. Da aka zo kan akushina sai ya ce haƙori ke damunsa, ya wanke hannu ya tashi. Washegari bai fito ba, jibi ma haka. A rana ta uku Baffa ya kira ni zaure, ya ƙi ba ni izinin zama.

"Kai, ka san abin da ka yi?"

"Baffa, ni ban zagi kowa ba."

"Hannunka ya zaga. Kana tsammanin mu daɗin tafasar muke ji? Ni da haƙorana huɗu? Mutumin nan tun da aka daina sayen saƙi, abin da zai ci a kan tabarmar nan shi ne cimarsa ta yini. Amma ba roƙo ya zo ba, da akushinsa ya zo. Muddin muna cinye nasa, to shi ma zai ci namu kansa a ɗage. Ranar da aka bar masa nasa, an gaya masa sadaka ake ba shi. Shi ya sa nasa nake fara buɗewa, lokacin da kowa ke jin yunwa, don kada a rage ko loma. Tashi ka je ka ce masa kwaɗon nan kake marmari."

"Baffa, ƙarya zan yi?"

"Ubanka ya yi shekaru yana yin ta, ina kuma yi masa fatan ya tarar da ladanta. Wuce ka ba ni wuri."

Na same shi zaune a bakin masaƙarsa, babu ko zare a jiki. Na durƙusa na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ya daɗe yana kallona. Ya san ƙarya ce, na san ya sani. Can ya ce, "Yaro ya fara koyon magana. To, za a kawo." Ya dawo kuwa. Na ci tafasa da dusa a daminar nan har tumu ya fito, kuma tun daga ranar hannuna bai ƙara tsallake akushin kowa ba.

Dattawan nan duk ƙasa ta rufe su. Mu muka gaji tabarmar, ta dawo ƙofar gidana. Muna nan muna raguwa, wani ya mutu, wani 'ya'yansa suka gina masa gida mai get, ya koma cin abinci a faranti a gaban talabijin. Matasa kuwa kowa da ledar taliyarsa da wayarsa, in ka ce su fito da abinci waje sai su ce Baba, ai ba tsafta. Daga tara muka koma biyar, muka koma uku, har ya rage ni da Ɗankuza. Sunansa na yanka ba zan faɗa ba, yana raye. Sa'ana ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Riruwai yana wankin kuza, da aikin ya mutu ya dawo da lanƙwasasshen baya da tari, ya tarar an raba gado an bar masa wata gona mai tsakuwa. 'Ya'yansa maza sun bazu neman kuɗi, sai dai waya jefi-jefi. Shi da tsohuwar matarsa ne a gida. Mutum ne mai baki, ba ya raga mini. Shi ya laƙaba mini suna Rumbu, don a zamanina ina tashi da tuwon mutum uku, in kuwa ka ji ya kira ni Alhaji, to faɗa muke yi. Shekara da shekaru akushinsa nake fara jawowa. Uwargidana, amaryar nan ta mai man shanu, ita ma ta san wanda take cika wa nawa akushin, ba mu taɓa yin maganar ba.

Da aka kai ni asibiti a Tudun Wada, likitan yaro ne, jikana ma zai girme shi, amma yana da ladabi. Ya ce, "Baba, dunƙule hannunka." Na dunƙule. Ya ce, "To iyakar tuwonka ke nan a zama ɗaya." Na yi dariya na ce, "Likita, ai wannan loma ce." Shi bai yi dariya ba. Ya ce ba sukarin shayi kaɗai ne abin gudu ba. Tuwo, shinkafa, rogo, dankali, burodi, duk in sun shiga ciki suga suke komawa, ko da harshe bai ji zaƙi ba, kuma wanda aka fi gogewa ya yi fari shi ya fi saurin hawa jini. Ya ce miya da ganye su fi tuwon yawa, in riƙe wake, in koma dawa ko gero da ba a raba da dusarsu ba, acha in na samu, amma ita ma da awo. Ban da lemon kwalba, zuma ma kada in ce magani ce in yi ta sha. In ci abinci a kan lokaci, in sha ƙwaya kullum, in riƙa duba ƙafata kamar yadda ake duba jariri. Na ce, "Likita, abincin shekarar yunwa ka rubuta mini." Abin da muka gudu muka bari, shi aka ce in koma in nema, ga shi kuma ya yi tsada. Achar da muke wa kallon cimar talaka yanzu a mota ake loda ta zuwa birni, mudunta ya fi na shinkafa.

Uwargida ta bi doka. Akushina ya koma wake da zogale, ko ɗan tuwon dawa da miya har ta nutsar da shi, wani lokaci da busasshen kifi. Ba ta dai rage masa girma ba. Da Ɗankuza ya ji labari, ya zo hankalinsa a tashe, ya zauna ya dafa gwiwata.

"Rumbu, an ce suga ne? To kwantar da hankalinka. Na kafa doka a gidana, daga yau ko ƙwayar sukari ba za ta shiga tukunya ba, saboda kai."

Sai ka ce da can akwai sukarin a gidan. Ya ɗage faifai, ga dafaffen rogo shaƙe da akushi.

"Ci abinka. Wannan lami ne salam, ba ruwansa da zaƙi."

Haka kowa ya ɗauka a garin nan, ni ma haka na ɗauka kafin a zaunar da ni. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na tuna abin da ke cikin gidansa. Masara ce da rogo, daga su babu na uku. In na ce masa su ne ciwona, me zai ɗauko ya fito da shi gobe? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na yi bismilla na sa hannu. Yau rogo, gobe farin tuwon masara da miya tsararo, jibi garin kwaki a jiƙe. Lokacin da muke mu tara, loma uku ta ishi mutum ya fita haƙƙin akushi. Mu biyu kuwa rabi nawa ne, har ma ya fi rabi, don mai akushi ba ya rige baƙonsa, sai ya yi ta turo mini manyan yanka. In muka share nasa aka buɗe nawa, sai ya gyara zama ya ci waken nan da gaske, har goshinsa ya yi gumi, yana cewa, "Kai, ashe marasa lafiya sun fi mu morewa." Shi ke cin abincin likita, ni ina cin abin da likita ya hana.

Ba wai ban yi dabara ba. Na rage girman loma, ya ce, "Yau hannunka ciwo yake, ko girkin tsohuwata ne ya daina yi maka?" Na koma saka rogo a aljihun riga in ya juya zai yi tari, har kaji suka gane, suna bina a tsakar gida, uwargida tana dariya tana share hawaye. Wani ya ce ɗaci ke kashe zaƙi, na sha ruwan shuwaka har idona ya yi ja, na'urar ba ta ruɗu ba. Na ce to bari in bar cin rana don in yi wa na dare wuri, sai ƙwayar ta same ni ciki wayam, jiri ya kwashe ni a bakin rijiya, da ƙyar aka tare ni. Likita ya yi faɗa ya ce kada in kuskura in sake. Gyambon kuwa yana nan yana faɗi, ya fara wari, ƙishirwa ba ta ƙarewa, ido yana hazo.

'Yata ta tsare uwarta da tambaya, uwar ta ce ita dai abin da aka ce ta dafa take dafawa. Ran nan sai ta ƙi komawa gidanta da wuri, ta laɓe a zaure ta ga komai. Ɗankuza na tafiya ta fito, ko tabarma ban naɗe ba.

"Baba, ashe da hannunka kake kai ƙafarka wurin wuƙa."

"Ke ba ki san ciyayya ba."

"Na san ta, a gidan nan na tashi. Na kuma ga ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yanke, kai ba ka shiga ba."

"In na bar masa rogonsa, ba zai ƙara taɓa waken nan ba. Kin san abin da yake ci da rana?"

"To a kai masa hatsi gida."

"Zai dawo da shi a kansa, da bayan nan nasa."

Ta ce, "Baba, in aka yanke ka, ka kwanta, wa zai zauna da shi a tabarmar?"

Sai na yi abin da tsoho ke yi in an ƙure shi, na ɗaga murya. Na ce ban yarda ta taka gidansa da wannan magana ba. Ta ce to. Washegari daga makaranta can ta wuce. An ce durƙusawa ta yi a gabansa tana kuka, ta yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda likita ya yi mini. Na yi fushi da ita kwana biyu, amma a raina ban ga laifinta ba. Ubanta take so da ƙafa biyu.

Da magaribar ranar Ɗankuza ya zo hannu rabbana. Ya zauna a bakin tabarma, ba inda ya saba ba.

"Alhaji, ashe wata da watanni guba nake ɗauko maka da hannuna."

"Wace irin guba? Rogo ne fa. Bar maganar yara."

"Me ya hana ka gaya mini?"

Na jawo akushina na buɗe na ce, "Matso mu ci, ya huce."

"Alhamdu lillahi, na ci a gida."

"To ji nan. Gobe ka zo da naka, in ɗauki loma ɗaya, ka ga na sa hannu ke nan."

Ya dube ni, irin duban da wani tsoho ya taɓa yi mini a bakin masaƙa. Ya ce, "Ka ɗauki loma ɗaya a nawa, ni in ci naka har in ƙoshi. Mene ne sunan wannan, Alhaji?"

Dukanmu mun san sunan, ba wanda ya faɗa. Ya zauna yana kallon hanya har aka kira isha. Kwana uku yana zuwa haka, ya zauna ya ƙi sa hannu, daga nan ya daina. Uwargida ta kai wa matarsa wake da kanta, a matsayin mace da mace, aka karɓa aka yi godiya, da yamma aka dawo da kwanon yadda aka kai shi, wai maigidan ya ce wake na kumbura masa ciki. Na aika masa da dawa na ce zakka ce, ya ce a duba mabuƙata. Na je wa liman, liman ya ce zai yi masa magana, ya yi, Ɗankuza ya ce shi lafiyarsa lau, me aka gani?

Da Baffa na raye wataƙila da ya san ƙaryar da za a yi. Ni na juya ta kowace fuska ban samo ba. Dabarar su Baffa ta mutanen da ke da lafiyar cin komai ce, kuma ta mutum tara ce, ba ta mutum biyu ba. Yanzu rabin sa'o'ina in ka bincika aljihunsu ƙwayar suga ce ko ta hawan jini, kowa da abin da aka hana shi, kowa da ɗan kwanonsa a ɗaki. Na baya kuma ina ganinsu a teburin mai shayi suna tula sukari, in na yi magana su ce Baba, kowa da ranarsa. Ba na ganin ciwon zai ragu a garin nan, ba na kuma ganin za a sake shimfiɗa tabarmar. Na naɗe ta da hannuna na jingine a bayan ƙyaure.

Sugan ya sauka. Kowace safiya 'yata tana duba lambar tana hamdala, gyambon ya bushe daga gefe, ya haɗe, ya bar tabo. Likita ya danna wurin ya ce yatsan ya tsira, ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi. Na ce masa to.

Ranar da aka ce zan iya sa takalmi, ana idar da magariba na ɗauki sanda na taka har gidan Ɗankuza, ban riƙe komai ba. Duk gidajen layin hayaƙi na tashi, ban da nasa. Na yi sallama sau biyu. Na ji motsi a ciki, aka ɗan jima, sannan ya fito. Rigar da na san ta cif a jikinsa tana reto a kafaɗa. Yana goge baki da bayan hannu, ga tsinke a haƙori yana sakace.

"A'a, kai ne? Kash, yanzun nan na tashi daga kan akushi. Da ka yi sauri da mun ci tare."

Na dubi leɓensa a bushe, babu ko alamar maiƙo. Na ce, "Ba komai, ni ma a ƙoshe nake."

Ya ce, "Madalla. Yaya ƙafar?"

Na ce, "Ta warke."

Ya sunkuya da ƙyar ya duba yatsan, ya shafa tabon, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Muka zauna a dakalin ƙofar gidansa. Yana ta sakace, ni ina jin kukan cikinsa, sai na ɗaga murya na fara ba shi labarin farashin taki.